Tambaya kan yanka da ɗaura murfin akirilik na ƙaramin jirgin sama a yanayin Damagaram

Mai Gareji a Zengo ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina haɗa ƙaramin jirgin sama mai ɗaukar mutum biyu, ƙirar RV-7 ta kamfanin Van's Aircraft na Amurka, irin wanda ake sayen sassansa a cikin akwatuna mutum ya harhaɗa da hannunsa. Aikin aluminiyom ya yi nisa, yanzu kuma na iso kan murfin ɗakin matuƙi, wato wannan babban akirilik mai kama da gilashi da ya zo a dunƙule, wanda dole a datse gefunansa sannan a raba shi biyu, gaba ya zama garkuwar iska, baya kuma ya zama murfi mai zamewa a kan firam na bututun ƙarfe. Babu sashen da yake ba ni fargaba kamarsa, domin idan ya tsage ba a samun wani a Zinder ko a Yamai, sai an sake yin oda daga ƙetare da kuɗin dako mai nauyi.

Muna cikin watan Disamba, hunturu ya kankama, garejina kuma rufin kwano ne. Shin in yanka yanzu ko in jira bazara? Da wane kayan aiki ake yankan? Sannan wajen ɗaurawa, na ga wasu suna huda akirilik ɗin su sa sukuru, wasu kuma suna liƙa shi da gam, ina so in san wanne ya fi dacewa da zafinmu.

Tsohon Makaniki ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a gama lafiya. Akirilik yana ƙara gautsi a cikin sanyi, yana kuma yin sauƙin hali idan ya ji ɗumi, shi ya sa masu wannan aiki a Turai da Amurka suke kunna na'urar ɗumama ɗaki kafin su taɓa shi. Abin da ake nema shi ne ɗakin da murfin kansa su kai digiri 25 ko fiye. Mu a nan Allah ya hutar da mu wannan wahala, domin ko a Disamba rana tana ɗumama gareji mai rufin kwano daga azahar zuwa la'asar. Ba sai ka jira bazara ba, amma kada ka kusance shi da safe, lokacin da ya kwana cikin sanyin da kan sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka. Ka rataye ma'aunin zafi kusa da shi, ka bar shi ya ɗumama sosai ciki da waje.

Batun kayan yanka, ka ajiye zarto kowane iri, na hannu ko na lantarki, saboda haƙoransa suna cafkar akirilik su fizge shi. Ana amfani da siririn faifan yanka da ake ɗaurawa a ƙaramin injin niƙa ƙarfe mai gudu sosai. Faifan yana ci ne yana ɗan narkarwa, don haka ka bi layin a hankali, ka fara da zana rami marar zurfi, ka sake bi har ya ratsa. Yayin babban yankan da zai raba murfin biyu, ka sa mutum a bayanka yana manna salatif mai ƙarfi a kan inda ka riga ka wuce, domin kada nauyin ɓangarorin ya buɗe yankan ya tsaga abin da ya rage a gabanka. Ka kuma tokare gefunan biyu da katako a kan tebur don kada su baje.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne gyaran baki. Duk lokacin da ka gama yanka, ko na santimita goma ne, kada ka ɗaga murfin sai ka goge bakin da samfefa, daga mai kaushi lamba 80 har zuwa mai laushi lamba 400, har yatsanka ya bi bai ji komai ba. Lamarinsa kamar na ƙwarya ne, ƴar tsagar da ke bakinta ita ce take raba ta biyu ranar da aka ɗauke ta da nauyi. Da yawa daga murafan da suka lalace a hannun masu haɗa jirage sun tsage ne lokacin ɗagawa da gwadawa a kan firam, da baki mai kaushi. Kuma ka riƙa datsewa kaɗan-kaɗan kana gwadawa, tun da abin da aka yanke ba ya dawowa.

Malamin Kimiyya daga Birni ya amsa:

Baba ya gama magana kan yanka, ni zan tsaya kan ɗaurawa, domin a nan ne zafin da ya taimake mu wajen yanka yake juyowa kanmu. Akirilik yana miƙewa kimanin milimita 0.07 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Aluminiyom yana miƙewa kimanin 0.023, ƙarfen firam kuma kimanin 0.012. Mu ɗauki daren Janairu mai sanyi, mu kwatanta shi da jirgin da aka ajiye a filin jirgin saman Zinder da tsakar rana a watan Afrilu ko Mayu, inda iska kanta take wuce digiri 40, cikin rufaffen murfi kuwa ya fi haka nesa. Bambancin digiri 50 ba abin mamaki ba ne. A wannan lissafi mita ɗaya ta akirilik za ta ƙaru da milimita 3.5, ƙarfen da ke ƙarƙashinta kuma da milimita 0.6 kawai. Wannan rarar ta kusan milimita uku dole ta sami wurin zuwa, idan kuma sukurori sun hana ta, to za ta nemi hanya ta bakin huda.

Saboda haka, Malam, idan ka zaɓi huda, kowace huda a cikin akirilik ta fi sukurun faɗi da aƙalla milimita ɗaya, wasu ma suna sa guntun bututun roba mai laushi a tsakani. Kada ka yi amfani da bakin huda na ƙarfe yadda ya zo daga kasuwa, domin yana nutsewa da ƙarfi lokacin da zai fita ta baya, a nan ne yake fasawa. Akwai baki na musamman mai tsini na digiri 60 wanda aka dakushe kaifinsa don ya riƙa kankara maimakon ya yanka, akwai kuma wani bakin huda mai hawa-hawa kamar matakala da yake faɗaɗa huda lafiya. Ka sa katako a baya, ka sassauta hannu idan ka kusa ratsawa, ka goge bakin kowace huda ta fuska biyu. Wajen ɗaure sukuru, da zarar ya taɓa sai ka tsaya, har ma ka ɗan mayar da shi baya. Kuma kada ruwan nan na kulle zaren sukuru, irin su Loctite, ya kusanci wurin, saboda yana cin akirilik.

Jiragen kamfanin Van's ba baƙi ba ne a yankinmu. A Kaduna kamfanin AIEP ya haɗa jiragen Air Beetle guda 60 bisa ƙirar RV-6A don horar da sojojin saman Najeriya, don haka irin wannan murfi ya riga ya sha ranar ƙasar Hausa.

Ɗan Sabon Gari ya amsa:

Da izinin Malam, lissafinsa ne ma ya sa ni na fi karkata ga gam. Hudar da ba a yi ba ba za ta tsage ba. Masu haɗa jirage da yawa suna amfani da Sikaflex 295 UV, wanda aka yi don liƙa tagogin roba a jiragen ruwa, tare da ruwan share fage da baƙin fenti na farko da kamfanin ya tanada. Gam ɗin yana zama kamar roba bayan ya bushe, amma ba zai iya shanye miƙewar ba sai yana da kauri, don haka ana sa ƴan guntayen roba tsakanin firam da murfi su bar tazarar akalla milimita uku.

Sai dai akwai abin da ya shafe mu musamman. Wannan gam da danshin iska yake bushewa, iskar hunturu kuwa busasshiya ce ƙwarai, don haka zai ɗauki lokaci fiye da abin da aka rubuta a jikinsa, kuma ƙurar da ke yawo za ta sauka a kan fagen da ka share kafin ka liƙa. Da ni ne, sai in yi yanka da gwaji yanzu, in bar liƙawa sai damina ta sauka, in zaɓi safiyar da zafi bai kai digiri 35 ba. Ka duba ranar ƙarewar aikinsa kafin ka saya, domin kaya suna daɗewa a hanya kafin su iso mana. Sannan tun da wannan hanya ta saɓa wa zanen ainihi na jirgin, ka rubuta yadda ka yi, ka ɗauki hotuna, ka kuma tuntuɓi ANAC, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijar, tun kafin ka fara.

Mai Gareji a Zengo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan yi yankan a wannan wata da rana, in jira damina don gam. Saura abu biyu. Ledar kariya da ta zo manne da murfin, in cire ta ko in bar ta? Kuma idan ƙaddara ta sa ya tsage, shin akirilik ɗin da masu allunan talla suke amfani da shi zai iya maye gurbinsa?

Tsohon Makaniki ya amsa:

Ledar ka bar ta, ka ɗage ta kawai a inda za ka yi aiki, amma da sharaɗin rana ba za ta taɓa murfin ba, domin zafi yana gasa ta ta manne har cirewa ta gagara. Haka ma salatif na takarda, kada ya daɗe a jiki; na roba da masu aikin lantarki suke amfani da shi ya fi fita da tsabta. Bayan ka cire ledar, ƙura ce babbar abokiyar gaba. Kada ka taɓa share shi da busasshen tsumma, saboda rairayin da ke cikin ƙurarmu ya fi akirilik tauri nesa ba kusa ba. Ka kwarara ruwa mai yawa tukuna, ka bi da tafin hannu da sabulu mai sauƙi, sannan tsumman auduga mai laushi. Asiton, tina, fetur, da ruwan goge gilashi mai amoniya duk suna haifar da ƙananan tsage-tsage a cikin jikinsa, waɗanda suke ƙyalli idan ka fuskanci rana lokacin sauka, kuma ba sa goguwa.

Na allunan talla kuwa ba zai yi ba. Idan ba irin wanda ake zubawa a mazubi ba ne, ya fi saurin tsagewa, kuma lanƙwasa shi zuwa wannan siffa yana buƙatar babban tanda mai zafi daidai ko'ina, wajen digiri 160, don kada hoton waje ya karkace a idon matuƙi. Idan ƙaramar tsaga ta ɓullo a gefe, ka daina motsa shi nan take, ka nemo ainihin ƙarshenta da madubin ƙara girma, ka huda rami na milimita uku daidai wurin don ta tsaya, sannan ka ɗiga mata gam na akirilik mai ruwa-ruwa da allura. Idan ta tsaya a wurin da firam ko fatar gefe za ta rufe, murfin yana nan da amfaninsa. Idan ta shiga inda matuƙi yake kallo, sai a yi odar sabo.