Musayar Waƙa a Kan Edith Piaf ta Faransa

Ɗan Maraɗi:
Sallama gare ku, ma'abota baiti,
Yau zancen Edith Piaf nake, mawaƙiya.
A 1915 aka haife ta a Paris,
Unguwar Belleville, matattarar tsiya.
Uba ɗan wasan tsalle-tsalle ne a titi,
Uwa ta tafi ta bar ta tana jaririya.
Kaka ta raine ta a garin Bernay,
A gidan karuwai ta yi wayo, ba ƙarya.
Ta bi uba tana rera waƙa don kwabo,
'Yarta ta rasu da shekara 2 a duniya.
Ni dai hukuncina guda ne, jama'a:
Wahala ce ta ƙera mata wannan murya.

'Yar Fagge:
Sannu da baiti, amma ban yarda ba,
Bari ƙanwarka ta ja da kai, Yaya.
Da wahala ke sa waƙa ta yi daɗi,
Da duk mabaraciya ta zama sarauniya.
Louis Leplée ya tsince ta a 1935,
Ya sa ta a kulob ɗinsa, ya buɗe mata hanya.
Shekara na zagayowa aka kashe shi,
'Yan sanda suka sha kanta da tambaya.
Raymond Asso ne ya zauna ya hore ta,
Furuci da tsayuwa da kalma ɗaya-ɗaya.
Marguerite Monnot na tsara mata kiɗa,
Aiki ne da koyo, ka faɗi gaskiya.

Baba Mai Rediyo:
'Ya'yana, kun manta ta yi fim kuma,
A 1946 da Yves Montand suka yi tarayya.
Ta fito a yarinyar da ake aron muryarta,
A ɗora wa jarumar da ba ta iya.
Kamar dai yadda ake yi a Kannywood,
Mai rawa a gaba, mai waƙar na can baya.
Ni wasan nata bai taɓa burge ni ba,
Sai ta buɗe baki kwalliya ke biya.

Ɗan Maraɗi:
Baba, na gode. Ƙanwata, saurara:
Marcel Cerdan, ɗan dambe, zakaran duniya,
Shi ta so. Oktoban 1949 ya hau jirgi,
Zai same ta New York, bai ƙarasa tafiya.
Jirgin ya faɗi a tsibiran Azores,
Daren ta hau dandali da ciwo a zuciya.
Ga haɗarin mota kuma a 1951,
Allurar morfin ta kama ta tun daga jinya.
Ki cire duk wannan daga cikin waƙarta,
Ki faɗa min abin da ya rage, 'yar Hajiya.

'Yar Fagge:
Wadda ta hau dandali ranar makoki,
Horo ne ya tsayar da ita, ba kukan zuciya.
Gidan wasa na Olympia na dab da rufewa don bashi,
Wasanninta na 1961 suka fid da shi wuya.
Oktoban 1963 ta rasu, tana da 47,
Coci ya ƙi yi mata babbar addu'a, ya juya baya.
Dubban mutane suka raka ta maƙabartar Père Lachaise,
Nan kam ba mu da gardama ko ɗaya.
Amma ka tsallake shekarun da Jamus ta mamaye Faransa,
Ba ta daina wasa ba, har Jamus ta yi tafiya.
Bayan mamayar aka tuhume ta da bin Jamus, aka wanke ta,
Baitinka bai taɓo nan ba, mantuwa ko kunya?
Amsa min wannan kafin ka koma kan Cerdan,
Kuma da amsa-amon nan, kar ka sauya.