Golden syrup da alawoyin Ingila na da: mene ne shi, kuma me ke sa tofi mai kumfa ya faɗa?

Ummu_Haidar:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana harkar kayan zaƙi. Dattawan Ingila in suka tashi hirar ƙuruciya, ba sa rasa ambaton wani koren gwangwani mai hoton zaki, Lyle's Golden Syrup, da alawoyin da ake auno musu daga manyan kwalabe a kanti. Shin abin nan zuma ne ko sukari? In ba a same shi ba, ana iya haɗa shi a gida? Sannan alawar nan mai ramuka kamar saƙar zuma, wadda suke kira cinder toffee, me ke sa wani lokaci ta tashi fam, wani lokaci ta faɗa ta koma danƙo? Don Allah a ba ni awo sak, ban da "ki zuba daidai misali".

Malam_Sabo:

Wa alaikumus salam, Maman Haidar. Ko ɗigon zuma babu a ciki, hoton ƙudan zuman da ke jikin gwangwanin ne ke ruɗa mutane. Daga rake yake. Abram Lyle, ɗan garin Greenock a Sikotland, ya kafa matatar sukari a Plaistow, gabashin Landan, a 1881. In ana tace sukari akwai wani ruwa mai kauri da ke ragewa, shi aka gyara aka mai da shi abin sayarwa, kuma tun 1885 ake zuba shi a wannan koren gwangwani. Hoton mataccen zaki ne da ƙudan zuma ke shawagi a kansa, daga labarin Samson na Baibul. Kundin Guinness ya amince cewa babu wani kayan sayarwa da ya daɗe da tambari da mazubi iri ɗaya kamarsa. A 1921 kamfanin ya haɗe da na Henry Tate aka samu Tate & Lyle. A 2024 sun sauya tambarin da ke kan robobi, amma ba su taɓa gwangwanin ba.

Begen da dattawan ke yi kuwa yana da dalili. An taƙaita sayar da alawa a Birtaniya daga 1942 saboda yaƙin duniya na biyu, ba a sake ta dindindin ba sai Fabrairun 1953, sukari kuma sai Satumbar wannan shekara. Yaron da ya tashi a lokacin, kwatan laba na alawa a ƙunshin takarda, wato giram 113, ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Abin da ya fi amfani ki sani shi ne yadda aka yi shi. Sukarin da muke sha, in aka dafa shi da ɗan tsami, yakan rabu gida biyu, gulukos da furuktos. A wannan sirof an raba wani kaso, an bar wani. Shi ya sa yake daɗewa bai koma tsaki-tsaki ba, kuma in aka zuba shi cikin tofi, wato alawar dafaffen sukari, yana hana sauran sukarin yin ƙanƙara irin tsaki-tsakin nan. Aikinsa ke nan a tsofaffin alawoyin nan, ɗanɗano ƙari ne.

Hajiya_Binta:

Malam ya gama bayani, bari in shiga kicin. Ana yinsa a gida, ƙanwata, sai dai ƙamshin ba zai zo ɗaya da na gwangwani ba. A girki kuwa aikinsu ɗaya.

Ki sami tukunya mai kaurin gindi. Ki zuba sukari giram 100 da ruwa babban cokali 3, ki ɗora a matsakaiciyar wuta. Kada ki juya da cokali, ki riƙa karkaɗa tukunyar kawai har ya yi launin ruwan zuma. Nan ne wurin da ake yin ɓarna, domin tsakanin launi mai kyau da ƙuna bai fi 'yan daƙiƙu ba, kuma in ya yi duhu ɗacin ba ya fita. Da ya kai, ki tsiyaya tafasasshen ruwa mililita 300 kaɗan-kaɗan, kina nesa da fuskarki, don zai yi tsartuwa da tururi. Ruwan sanyi ba ya yi, dunƙule sukarin zai yi. Sai ki ƙara sukari giram 500 da yanka ɗaya na lemon tsami, ki juya har ya narke, ki rage wuta can ƙasa ya yi ta ɓararraka a hankali wajen minti 45, ko har ma'aunin zafi ya nuna digiri 110 na Celsius. Za ki samu kusan rabin lita.

Kada tsinkewarsa a kan wuta ta ruɗe ki, sai ya huce yake kauri. Ki ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi ki jira minti ɗaya, abin da kika gani nan shi za ki samu a kwalba. In ya huce ya yi tauri, ki mai da shi wuta da ruwa cokali biyu ko uku. In bayan kwanaki ya yi tsaki-tsaki, ko tsamin ya yi kaɗan, ko wutar ta yi yawa ruwan ya ƙone kafin sukarin ya rabu, ko kuma ƙwayoyin sukari sun maƙale a gefen tukunya sun faɗa ciki. Ƙwaya ɗaya ta isa ta ja sauran. Maganin na ƙarshen shi ne ki rufe tukunyar minti biyu da fara tafasa, tururi ya wanke gefen.

Yanzu tofi mai kumfa, wato cinder toffee ɗin da kika tambaya. Sukari mai laushi giram 200, sirof babban cokali 5, wato wajen giram 100, bekin soda ƙaramin cokali 2. Bekin soda fa, ba bekin foda ba.

Ki shirya komai kafin ki kunna wuta: faranti mai zurfi na santimita 20 da aka shimfiɗa wa takardar gashi, da sodan a tankaɗe. Tukunyar ta zama babba sosai, domin abin zai ninka kansa sau da yawa. Ki narkar da sukari da sirof a ƙaramar wuta har ki daina jin ƙwaya a ƙarƙashin cokali, sannan ki ƙara wuta ki daina juyawa har digiri 150. Ki sauke, ki watsa sodan gaba ɗaya, ki buga da sauri 'yan daƙiƙu har farin ya ɓace, ki juye nan take. Kada ki baje shi da cokali, kada ki jijjiga farantin. Ki bar shi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ki fasa.

Faɗawar da kika tambaya: zafi ne ke sa sodan ya saki iska, sukarin kuma ya daskare ya kama kumfar. In an sauke a 135 ko 140 akwai sauran ruwa a ciki, ba zai daskare da wuri ba, sai iskar ta fice ya zama danƙo. In an yi ta bugawa, an fasa kumfar da hannu. In ya wuce 160, ɗaci. In kika ci karo da wani lungu mai ɗanɗanon sabulu, sodan ne ba a tankaɗe ba.

Abban_Sadiq:

Hajiya, Allah ya ƙara basira. Abu biyu zan ƙara, ɗaya kuma in ɗan saɓa.

Ba kowa ke da ma'aunin zafi ba, kuma matan Ingila na da ma da kofin ruwan sanyi suke gwaji. A ɗiga kaɗan a ciki. In ya dunƙule da laushi a yatsa, wajen 115 ke nan. In ya yi zare yana lanƙwasawa kafin ya karye, wajen 140. In ya karye ƙas, an kai 150. Mai ma'auni kuma ya fara tsoma shi a tafasasshen ruwa. A bakin teku 100 zai nuna, amma duk hawan mita 300 ana rasa kusan digiri ɗaya. In ya nuna 97, a cire 3 daga kowane adadi na sama.

Na biyu, ajiya. Furuktos na jan laimar iska, shi ya sa tofin da aka bari a buɗe yake wayar gari yana naso. A sa shi a mazubi mai rufi gam da zarar ya huce, ban da firij. Ko a tsoma shi cikin narkakken cakulan, dabarar alawar kanti mai suna Crunchie ke nan tun 1929.

Inda na saɓa: soda ƙaramin cokali 2 a sukari giram 200 yana ba da manyan ramuka, amma ɗanɗanonsa na fitowa. Ɗaya da rabi ya fi daɗi a baki, ko da tashin ya ɗan ragu.

Tun da ana maganar na da, ga tofin da ake ci a daren wasan wuta na 5 ga Nuwamba, musamman a arewacin Ingila. Sukari mai duhu giram 450, ruwan zafi mililita 125, golden syrup giram 115, baƙin sirof da suke kira black treacle giram 115, da kwatan ƙaramin cokali na cream of tartar, wani farin gari mai tsami. A dafa zuwa 140, a juye a farantin da aka shafa wa mai, in ya huce a fasa da guduma. Yana iya ɗaukar rabin awa, kada a gaji a ƙara wuta, baƙin sirof ɗin saurin kamu gare shi. Kuma a kori yara daga kicin. Sukari mai zafin nan manne wa fata yake yi. In ya taɓa mutum, a sa wurin ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi minti 20.

Ummu_Haidar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: zuma za ta iya maye gurbinsa? Kuma treacle tart, gasasshen ɓawon fulawar nan mai sirof a ciki, da wancan baƙin ake yi?

Hajiya_Binta:

A tofi mai kumfa zuma na yi, amma ta fi saurin yin duhu kuma ƙamshinta na danne komai, sai ki sa ido sosai daga 140. Farin sirof na masara yana hana ƙanƙara, sai dai lami ne.

Treacle tart kuwa sunan ne kawai, da golden syrup ake yi. Ga faranti na santimita 23: ki fara gasa ɓawon fulawa da bota shi kaɗai minti 15, in ba haka ba gindin zai jiƙe. Ki ɗumama sirof giram 400, ɗumi kawai ba tafasa ba, ki zuba marmashin burodi giram 140, da gogaggen bawo da ruwan lemon tsami babba guda. Marmashin na burodi mai kwana ɗaya ake so, busasshen na fakiti shanye sirof ɗin yake yi, cikin ya yi tauri. Ki bar shi minti 10 ya jiƙa, ki zuba, ki gasa a digiri 180 wajen minti 30. Ki cire tsakiyar na ɗan rawa, zai kama in ya huce. Kada ki rage lemon, in babu shi zaƙin ya yi yawa har ba a iya gama yanka ɗaya.