Zagayen unguwar Sinawa ta Kuala Lumpur da ƙafa: me kuka gani, me kuka ci?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. In Allah Ya yarda zan raka mahaifiyata Kuala Lumpur ganin likita a wata mai kamawa, kuma akwai yini guda da ba mu da aikin asibiti. Ta ji labarin titin Petaling, wato unguwar Sinawa, ta ce lallai sai ta gani da idonta. Ina roƙon waɗanda suka taka wurin da ƙafarsu su gaya mini ko dattijuwa za ta iya zagayen, da kuma abin da Musulmi zai ci a can hankalinsa kwance.

Ɗalibi a Gombak: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Shekara 3 nake karatu a nan, kuma duk baƙon da ya zo mini sai na kai shi. Ku shiga jirgin ƙasa na cikin gari ku sauka a tashar Pasar Seni, daga nan tafiyar 'yan mintuna ce. Kuskuren da na yi a zuwana na farko shi ne na shiga ƙarƙashin koren rufin da aka yi wa titin a 2003, na ga jakunkuna da agoguna da takalma, na fita ta ɗaya ƙofar ina cewa ai Kantin Kwari ya fi wannan. Sai daga baya na gane cewa unguwar tana cikin lungunan da ke kewaye da kasuwar. Masu haƙar kuza ne suka kafa garin a 1857, kuma mutumin da ya riƙe shi bayan yaƙin basasa da kuma gobarar 1881 shi ne Yap Ah Loy, sarkin Sinawan garin daga 1868 zuwa rasuwarsa a 1885. A titin Petaling ya kafa injin sarrafa rogo, shi ya sa har yau tsofaffin Sinawa suke kiran titin Chee Cheong Kai, wato titin masana'antar sitaci. Ɗakin bautar da ya gina a 1864, Sin Sze Si Ya, yana nan a maƙale a bayan shaguna kusa da Central Market, wato kasuwar kayan sana'ar hannu da tsaraba, kuma wanda bai sani ba zai wuce ƙofarsa sau biyu bai lura ba. Ni daga bakin ƙofa na tsaya, hayaƙin turaren tsinke yana fitowa, wata tsohuwa tana ninke takardun da za ta ƙona wa magabatanta.

Hajiya mai fatauci: Ɗana, batun abincin shi ne ya fi muhimmanci, don haka zan tsaya a kansa. Kada ganin cewa Malesiya ƙasar Musulmi ce ya sa ka saki jiki a wannan unguwa. Baƙar taliyar da ake kira Hokkien mee, wadda ƙamshinta yake cika titin da dare, da kitsen alade ake soya ta, kuma ana barbaɗa mata soyayyen kitsen a kai. Wasu shaguna suna liƙa sanarwa cewa babu alade babu kitsensa, amma wannan bai tabbatar da yankan kazar ba, kuma girkin Sinawa yakan ƙunshi giyar shinkafa. Abin da nake dubawa shi ne tambarin halal na JAKIM, hukumar kula da harkokin Musulunci ta ƙasar, a jikin bango. Kalmar alade a harshen Malay ita ce babi, ka riƙe ta. Duk da haka ban taɓa fitowa daga wurin da yunwa ba. Akwai tau fu fah, wanda ba komai ba ne illa awara mai laushin gaske da ake sha da cokali a cikin ruwan sukari mai ɗumi, da madarar waken soya, da wani abin sha mai sanyi launin zoɓo ya yi duhu, air mata kucing, wanda ake dafawa da busassun 'ya'yan wani itace da ake kira longan. Na tambayi mai sayarwa abin da ke ciki kafin na sha, ya nuna mini tukunyar ba tare da ɓacin rai ba. Abincin rana kuwa sai mu tsallaka zuwa shagunan mamak na Indiyawa Musulmi, mu ci roti canai, wata irin gurasa mai laushi, da miyar kori, mu bi da teh tarik, wato shayi mai madara. Idan Hajiya tana da ciwon suga, ka ce musu kurang manis, wato a rage zaƙi, domin hannunsu yana da nauyi wajen madara.

Malami daga Zinder: Na je taro ne a bara, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne titin Tun H.S. Lee. A gefe guda akwai ɗakin bautar Guan Di na Sinawa mai jan fenti, a tsallakensa kaɗan kuma ga na Hindu, Sri Mahamariamman, wanda aka kafa a 1873, mata suna zaune a ƙofarsa suna saƙa furanni. Ban yi tafiyar rubu'in awa daga nan ba na isa Masjid Jamek, wanda aka buɗe a 1909 a daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, mahaɗar laka da garin ya samo sunansa daga gare ta. A nan na yi sallar azahar, kuma akwai sashen mata da wurin alwalarsu.

Hajiya mai fatauci: Ɗalibin nan ya tuna mini da sayayya. Agoguna da jakunkunan da ke ɗauke da manyan sunaye a ƙarƙashin rufin nan jabu ne. Na taɓa saya wa ƙanina agogo, aka ce ringgit 150 a kuɗin ƙasar, na taya 50, muka daidaita a 60, bai yi wata biyu ba ya tsaya. Yawancin yaran da ke tsare da rumfunan ma yanzu baƙi ne daga Bangladesh da Nepal da Myanmar. Idan tsaraba kuke so, yadin batik mai zane-zane na Central Market ya fi.

Ma'aikaciyar jinya: Yaya, ni tunanina yana kan ƙafar Mama. Hanyoyin gaban tsofaffin shagunan suna da inuwa, amma matakala ce hawa da sauka, ga babura a ajiye a kansu, don haka ka riƙe mata hannu. Ku fara da ƙarfe 9 na safe kafin zafi da gumi su yi yawa, domin bayan azahar hadari yakan haɗo nan take. Ban yarda da zuwan dare ga mai shekarunta ba, ko da yake a lokacin ne jajayen fitilun suke kyau, saboda turmutsitsin ya yi yawa. Lungun Kwai Chai Hong, wanda aka gyara a 2019 aka zana rayuwar mutanen da a bangayensa, gajere ne kuma za ta ji daɗinsa. Central Market yana da na'urar sanyaya ɗaki da bayan gida, sai ku mai da shi wurin hutawarku.

Mai tambaya: Allah Ya saka muku da alheri. Na karanta wa Hajiya duka, ta ce awarar nan ta cokali za ta fara nema. Hajiya mai fatauci, don Allah a wane ɓangaren titin mai sayar da ita yake tsayawa, kuma yana fitowa da safe?