Fili a killace zai rage wasan mota a titi, ko ƙara shi zai yi?

Mai 406: Assalamu alaikum. Maganar da muka fara ranar Asabar nake so mu ƙarasa. Shawarar ita ce mu haɗa kuɗi mu kama fili a killace na yini ɗaya, kowa ya zo da motarsa ta gida, a shiga rukuni-rukuni, a zaga, a fito. Ba gasa ba ce, babu kofi, babu agogon auna wanda ya fi sauri. Na riga na rubuta takardar da za mu kai wa KASTLEA, mai kula da dokokin hanya a jihar Kaduna, da hukumar kiyaye haɗurra, kuma a ciki na ce wannan tsari zai rage wasan motar da samari ke yi a titi ranar kai amarya. A kan wannan nake tsaye. Wanda bai yarda ba ya kawo dalilinsa.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Ni ban yarda ba, ƙanena. Ɗan yayata yana tsaye a bakin titi yana kallon ayarin amarya, wani yaro ya ja birkin hannu ya juya mota, bayanta ya kwashe shi. Cinyarsa ta karye, har yau yana ɗingishi. Direban nan ba fili ya rasa ba, idon jama'a yake nema: 'yan mata na guɗa, wayoyi a sama. Ka kai shi inda babu mai kallonsa, zai zo ya ƙara gwanancewa, ranar biki ya koma titi da hannun da ya fi na da.

Mai 406: Allah ya ƙara masa lafiya, Yaya, wallahi na ji zafin wannan. Amma wanda ya taɓa jin yadda mota ke ƙwace wa mutum a kwana, a wurin da babu kowa a gabansa, tsoronta yake shiga zuciyarsa. Ni ban san mota na iya ƙin jin sitiyari ba sai ranar da ta yi min haka a kan burji da damina. Tun daga ranar na rage ƙafa.

Maman 'Yan Biyu: Kai ne ka rage. Kana da mata da 'ya'ya. Ɗan shekara 19 da ya ɗauko makullin babansa fa?

Kawu Bakanike: Ku yi haƙuri in shigo. Kuna ta maganar direba, ba wanda ya tambayi motar. A Panteka nake tun ina yaron shago, na san abin da ke ƙarƙashin yawancin motocinmu. Man birki yana shan danshi daga iska. Sabon man birki samfurin DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa sai ya sauko wajen 155. A cikin gari ba za ka gane ba, don taka birki kake yi jefi-jefi. A fili kuwa, zagaye biyar kana taka shi da ƙarfi a kowace kwana, sai ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa babu komai. Wa a cikinmu ya canza nasa a shekara biyun nan?

Sai taya. A gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ku je ku duba tayoyin beljiyam ɗin da kuka saya. Wata zanenta na nan raɗau, amma robar ta bushe ta tsattsage. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ninki huɗu take yi. Ina goyon bayan taron, amma motar da ban shiga ƙarƙashinta ba kada ta shiga.

Ɗan Barnawa: Kawu ya yi gaskiya, sai dai ni tambayata ina filin yake? Dandalin Murtala wurin taro ne da dawaki, ba a gina shi don mota ba. Filin tsere na gaske yana da sarari a bayan kowace kwana inda motar da ta kuɓuce za ta ƙare gudunta, sannan shinge, sannan mutane. Akwai wanda aka yi don wannan a Evbuobanosa ta jihar Edo. Me zai hana mu yi ayari mu bi ta Lokoja mu je can?

Mai 406: Tafiyar yini guda ce, ga mai, ga masauki. Mutum nawa za su iya? Yaran da nake magana a kansu ba za su je Edo ba.

Ɗan Barnawa: To kuma ka sani inshorar naira 15,000 da muke biya tun 2023 ba ta ɗaukar abin da ya faru a wajen irin wannan gudu. Kowa ya fasa, aljihunsa.

Alhajin Kakuri: 'Ya'yana, na yi aiki a kamfanin harhaɗa Peugeot na Kakuri, wanda ya fara fitar da 504 a 1975, kuma har na yi ritaya ban ga an bar mota ta fita ba a gwada birkinta ba. Don haka maganar Malam bakanike ta zama doka. Ni ma ina son abin nan ya yiwu. A Jamus, filin Nürburgring mai tsawon fiye da kilomita 20 yana da ranakun da kowa ke biya ya shiga da motarsa, to mu ma ba haramun ba ne. Amma a sa hular kwano, a ɗaura bel, motar asibiti na tsaye kafin a tayar da inji na farko, ga tukwanen kashe gobara. Tuta rawaya a sassauta, ba wuce na gaba. Ja, kowa ya dakata. Wanda aka ɗaga wa baƙa ya fito, ko ɗan waye.

Sai dai Hajiya ta fi ka gaskiya a abu ɗaya, Mai 406. Ba ka da hujjar cewa zai rage wasan titi. Fata kake yi. Kada ka rubuta wa hukuma fata kamar tabbas, don ranar da wani ya bige yaro bayan taronmu, da takardarka za a kama ka.

Mai 406: Ranka ya daɗe, in na cire layin nan, da me zan roƙe su izini?

Maman 'Yan Biyu: Ka rubuta abin da ke hannunka. Ba ɗan ƙasa da shekara 18, ba wanda ba shi da lasisi, kuma duk wanda aka gani yana juya mota a titi an kore shi daga ƙungiya. A hana ɗaukar bidiyo ma, don abin da aka ɗora a TikTok shi yara ke kwaikwaya a unguwa.

Ɗan Barnawa: Hana bidiyo kam ba zai yiwu ba, Hajiya. Rabin mutane ba za su zo ba.

Maman 'Yan Biyu: Wannan rabin su ne nake tsoro.

Mai 406: Zan mayar da layin ya zama "muna fata". Ban sauka daga ra'ayina ba, Yaya, amma ba zan sa hannu a abin da ba zan iya nunawa ba. Maganar bidiyo mu ƙuri'ance ta ranar Asabar. Kawu, yaushe zan kawo tawa?

Kawu Bakanike: Alhamis da safe, kafin rana ta yi zafi. Ka taho da gwangwanin DOT 4 biyu waɗanda ba a buɗe ba.