Me za mu kira kariyar kafaɗa ta 'yan wasan ringet?

'Yan'uwa masu kishin harshe, ina neman mu tsayar da kalma ɗaya ga abin da Turawa ke kira shoulder pads, wato kariyar da yara ke ɗaurawa a kafaɗa a wasan ringet.

Wasan kansa na ƙasar Kanada ne. Sam Jacks ne ya ƙirƙiro shi a lardin Ontariyo a shekarar 1963, kuma mafi yawan masu yin sa 'yan mata ne, a Kanada da Finlan. A kan ƙanƙara ake buga shi da takalman sulɓi, kowace 'yar wasa tana riƙe da miƙaƙƙiyar sanda wadda take zura bakinta cikin zoben roba ta ja shi zuwa raga. Dokar wasan ta hana bangazar abokiyar hamayya da gangan, amma hakan bai hana yarinya ta zame ta faɗi da kafaɗa ba, ko ta yi karo da katangar filin tana cikin gudu. Hular kwano mai ragar fuska da makarin wuya dole ne, amma a kan kafaɗa dokoki sun bambanta: Ontariyo ta wajabta wa yara, wasu wuraren kuma sun bar wa 'yar wasa zaɓi idan ta ɗan girma. A ganina waɗanda suka wajabta sun fi gaskiya, domin ƙashin yaro bai gama ƙwari ba.

An kawo shawarar matashin kafaɗa, amma matashi abin hutawa ne, kuma uwar da ta ji wannan suna ba za ta ɗauka kaya ne da doka ta tilasta ba. Garkuwa kuwa a hannu ake riƙe ta. Sulke ya fi kusa, tunda sawa ake yi a jiki, sai dai sulke saƙar ƙarfe ne da aka yi don tare kaifin takobi, alhali abin da yarinyar nan take tsoro buguwa ce.

Ni dai na tsaya a kan lifidin kafaɗa. Duk wanda ya taɓa kallon 'yan lifidi a hawan salla a Kano ko Katsina ya ga yadda ake cusa auduga tsakanin ƙyalle biyu, a bi da ɗinki layi-layi har ya yi kauri, domin ya shanye ƙarfin duka kafin ya kai ga jiki. Aikin wannan kariya ke nan daidai: soso ne daga ciki, da ƙoƙon roba mai tauri a bisa kowace kafaɗa, ya sauko ya rufe ƙirji da saman baya, a ɗaure da maɗauri a gefe.

Na san za a ce lifidi ya fi tuna wa mutum doki. Gaskiya ne, amma mahayi ma yana sa nasa, kuma da zarar an ce "na kafaɗa" an kawar da ruɗani. Sunan zai kuma ba mu lifidin gwiwa da lifidin gwiwar hannu ba tare da sabon nema ba. Ina so in ji daga mutanen Damagaram da Sakkwato ko kalmar tana da wata ma'ana a bakinsu da za ta hana mu amfani da ita.