Yarana sun cika mana aiki da fakej barkatai, in kafa doka ne ko yaya zan yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu a harkar nan. Mu biyar ne muke haɗa manhajar adashe ta waya wa wata ƙungiyar yan kasuwa, da React Native da Node muke aiki, ni ne babba a cikinsu. To matsalar ita ce kowa in ɗan aiki ya taso masa sai kawai ya buga umarnin npm install ya jawo laburarin wani, wato fakej, kodin da wani ya riga ya rubuta, yanzu haka laburari uku ne ke mana lissafin kwanan wata kaɗai, harda Moment wanda masu shi da kansu suka ce tun 2020 sun daina ƙara masa sabon abu, ga laburarin request shima yana nan alhali an yi masa ritaya a 2020 ɗin. Jiya mai aikin ya ce in ba shi jerin duk kodin waje da ke ciki da lasisin kowanne, wai bankin da za su haɗa da shi ne ya nema. Ni dai raina ya ba ni in ce daga yau ba mai ƙara komai sai abinda na rubuta a takarda, amma ɗaya daga cikin yaran har ya fara gunaguni wai takura ce. Ku ya kuke yi a wurarenku?

Baba Linux: Wa alaikumussalam. Ƙanina dokar kam a kafa ta, amma ba da baki ba, dokar baki sati biyu take yi a mance, ranar da aiki ya matse kowa zai koma halinsa. Na'ura za ka ɗora wa gadin. Ka fara da package-lock.json, wato fayil ɗin kulle mai riƙe da takamaiman sigar kowane fakej, ka tabbatar yana cikin Git inda kuke ajiye kodinku, kuma a wajen gina manhajar ku daina npm install ku koma npm ci, shi wannan abinda ke cikin fayil ɗin kulle kawai yake saukewa, in ya ga sun saɓa da package.json, jerin fakej ɗin da kuka nema, tsayawa yake ya ƙi. Sannan duk PR ɗin (buƙatar shigar da sabon kodi) da ya taɓa package.json kar ya shiga sai ka duba, GitHub na da CODEOWNERS na wannan aikin, fayil ne da ake rubuta wanda zai duba. Waɗanda kuka yanke za ku rabu da su irin Moment kuwa, ESLint mai duba kodi yana da dokar no-restricted-imports, ka sa sunansa ka rubuta ɗan saƙo cewa ga wanda za a ɗauka a madadinsa, yaro na rubuta import ɗin zai ga jan layi, ba sai kun yi cacar baki ba.

Kuma tunda kuɗin mutane ne a ciki ka sani ba tsoron banza kake ji ba. A 2018 mai fakej ɗin event-stream ya gaji da kula da shi ya miƙa wa wani da bai sani ba, shi kuma ya cusa wani fakej flatmap-stream a ƙarƙashinsa, an ƙera shi ne musamman don satar bitkoin daga walat ɗin Copay. Lura da kyau, masu aiki da yawa ba su taɓa saka flatmap-stream da hannunsu ba, biyo wani ya yi ya shigo. Shi yasa takardarka ta sunaye ita kaɗai ba za ta isa ba, fayil ɗin kulle ne ke riƙe da na ƙarƙashin ƙasan.

Ɗan Tasha: Ni fa oga ban goyi bayan a matse sosai ba wlh. Na yi aiki a wani kamfani da sai ka cike fom ka jira manaja kafin ka saka fakej ɗaya, ka san me ya faru? Mutane suka koma kwafo kodin laburarin suna mannawa cikin folda utils, babu suna babu lamba, masu binciken ɓaraka irin npm audit da Dependabot ba sa ganinsa, in an toshe ɓaraka a asalin mu namu na nan yadda yake. Wani ma zama ya yi ya rubuta nasa na ɓoye kalmar sirri wai don kar ya jira, inna lillahi. In za ka sa ƙofa to ka riƙa buɗewa da wuri, amsa cikin yini ɗaya, in ba haka ba ta katanga za su riƙa shiga.

Yar Zazzau: Yaya maganar lasisin ce ta fi gaggawa tunda ita aka tambaye ka. Ka gudu da license-checker zai fito maka da jerin gaba ɗaya harda na ƙarƙashi. Lasisin MIT, BSD, ISC, Apache 2.0 ba su da damuwa, ka dai ajiye sanarwar haƙƙin mallakarsu. Inda za ka tsaya ka karanta shi ne GPL, domin manhajar waya rarraba ta kuke ga jama'a, in kodin GPL na haɗe a ciki sharaɗin shi ne ku saki naku kodin a ƙarƙashin wannan lasisin. AGPL kuma har kodin da ke kan sabar take bi, Google ma hana ma'aikatansu amfani da ita suka yi. Wanda ka ga babu lasisi sam shi ya fi haɗari, rashin lasisi ba kyauta ba ne, izini ne babu.

Mai Shayi Dev: Ƙarin bayani kan ta Baba, in ma'ajiyar kodinku ta sirri ce a GitHub na kyauta CODEOWNERS da kulle reshe, wato hana PR shiga sai an amince, ba sa aiki sai an biya, kar ka sha wahalar nema. Kuma a riƙa duba harafin suna, a 2017 an kama fakej ɗin bogi crossenv yana kwaikwayon cross-env yana kwashe sirrin mutane, ɗan layi ɗaya ne bambancin.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Ɗan Tasha maganarka ta shige ni. To wane ma'auni zan ba su da za su auna da kansu kafin su zo wajena? Kuma tsofaffin da ke ciki in fidda su lokaci ɗaya?

Baba Linux: A'a kar ka fidda lokaci ɗaya, za ka fasa abinda ke aiki ana tsaka da karɓar adashe. Ka fara sa dokar ESLint ɗin a matsayin gargaɗi, duk wanda ya taɓa fayil ya gyara na ciki, in sun ragu sai ka mayar da ita kuskure. Ma'auni kuwa su rubuta a cikin PR ɗin: me zai yi mana, akwai mai yin aikin a cikin waɗanda muke da su, yaushe aka taɓa shi a ƙarshe, mutum nawa ke kula da shi, fakej nawa yake jawowa a bayansa, wane lasisi. In abin layi goma ne su rubuta da hannu, fakej ɗin left-pad layi 11 ne kacal amma da mai shi ya cire shi daga npm a Maris 2016 har Babel, babban fakej da jama'a da yawa ke dogaro da shi, sai da ya ƙi sauka. In kuma ɓoye bayanai ne ko kalmar sirri to haramun ne su rubuta nasu, sananne za a ɗauka. Sannan ka naɗa mutum na biyu mai amincewa, shi mai gunagunin nan ma ya dace, ranar da ba ka da caji ko kana hanya aiki ba zai tsaya ba.