Wai hudar gira ɗaya take da hudar hanci?

Auta: Salam ƴan uwa, Anti Nas dan Allah in kina kusa ki taimaka min, hudar girar nan da na yi ko wata ba ta kai ba wajen ya yi ja, kullum da safe sai in ga ɓawo ya bushe a jikin ƙarfen, ina gogewa da sipirit safe da yamma amma sai ƙara raɗaɗi yake

Maman Biyu: Ke dai ci gaba da sipirit ɗinki, ki ɗan shafa man kaɗanya ki riƙa jujjuya ƙarfen kar ya kama nama. Huda ai huda ce, ta gira ta hanci ta kunne duk ɗaya ne. Mu da allura da zare aka huda mana kunne aka sa tsinke, hancina ma a tsakar gida aka yi ga shi har yau ina sa barima lafiya lau

Anti Nas: A'a Maman Biyu wlh ba ɗaya ba ne. Auta ki ajiye sipirit ɗin nan daga yau, yana kashe ƙwayar cuta gaskiya ne amma yana ƙona sabon naman da ke tsirowa a cikin hudar, shi ya sa kike jin raɗaɗi. Man kaɗanya kuma toshe bakin zai yi ya riƙe ƙura. Jujjuyawar ma ki bari, duk sanda kika juya ɓawon kike ja ciki yana yage wajen

Maman Biyu: To mu da aka yi mana haka me ya same mu Anti?

Anti Nas: Kunne da hanci allura ta nan take shiga ta fita ta baya, akwai nama ta ko'ina da ke riƙe da ɗan kunnen. Gira kuwa fata ce a shimfiɗe kan ƙashi, mintsino ta ake yi a soka, ƙarfen yana kwance ƙarƙashin ƴar fata kaɗan, ga wajen baya zama shiru, kin yi dariya ya motsa kin ɗaure fuska ya motsa. Jiki kallon sartse yake masa, a hankali yake turo shi waje, wata sai bayan watanni ta ga ƙarfen ya taso fatar da ke kansa ta zama siririya. Ko an kula da ita yadda ya kamata sai ta yi wata 2 zuwa 3 kafin ta warke, wata ma ta fi haka, kuma duk da haka akwai jikin da baya karɓa

Yaya Babba: Ni tambayata ma Auta wa ya aike ki? Kunne da hanci mun gada, gira fa? Umma ta gani kuwa?

Auta: Ta gani Yaya, ta yi faɗa sosai

Yaya Babba: Ai dole. Ki tambayi malamai hukuncinsa tun kafin ki saba da shi, ni dai raina bai kwanta ba, fuska ce fa ƙanwata

Amarya: Ni abin da na ji ma ya fi wannan, wai akwai jijiya a girar in allura ta taɓa ta rabin fuska shanyewa yake, ko ido ya mutu

Anti Nas: Wannan an zuzuta shi Amarya. Akwai jijiya kam, tana fitowa ta saman ramin ido wajen kusa da hanci ta hau goshi, amma ta ji ce ba ta motsi ba, in an taɓa ta goshi ne zai yi dindiris ko ya riƙa tsira, shi ya sa wanda ya san aikin yake hudawa can wajen wutsiyar gira. Abin da ake yawan gani shi ne jini ya taru ƙasan ido ya yi baƙi na ƴan kwanaki. Ni abin da ke ban tsoro daban ne, wajen yana dab da ido, in ƙwayar cuta ta shiga kumburin na iya gangarowa fatar ido, wannan ba na zaman gida ba ne

Maman Biyu: Ni fa har yanzu gani nake kuna ƙara wa abu gishiri. Iyayenmu ba su san wani ruwan kemis ba kuma yara nawa aka huda wa kunne ran suna suka warke

Amarya: Amma Maman Biyu ki faɗi gaskiya, ba ki taɓa ganin mace da ƙullutun nama a bayan kunne ba? Akwai wata a layinmu har yanka mata aka yi ya sake dawowa ya fi na da girma, kullum ɗankwali take ja ta rufe

Anti Nas: Kiloid kenan, kuma mu baƙar fata mun fi kowa yin shi, yana bin jini a dangi. A kunne kya rufe da ɗankwali, a gira da me za ki rufe? Duk wadda ta san tabonta na tasowa ya yi tudu ko na kaciya ko na ƙurji ko na tiyata a gidansu, ni shawarata kar ta soma. Kuma waɗanda suka warke su muke gani Maman Biyu, waɗanda kunnensu ya ruɓe asibiti ake kawo mana su

Maman Biyu: Wannan kam na yarda akwai masu irin jikin. Amma man kaɗanya ban ga laifinsa ba, ko jariri ana shafa masa

Anti Nas: A fata mai lafiya ba laifi, ni ma shi nake shafawa da hunturu. Rami ne buɗe a nan. Auta ki je kemis ki ce a baki ruwan gishirin nan na dirif, kashi 0.9 cikin ɗari, ki jiƙa gauz, wato ƙyallen nan mai raga na rufe ciwo, mai tsabta ki ɗora kan wajen ɓawon ya yi laushi ya fita da kansa, sau biyu a rana ya isa, sai ki tsane da tishu ba tawul ba. Kar ki haɗa naki a gida da ka, yawanci gishirin yawa yake musu ya busar da fatar. Ɓawon nan fari-fari ko ruwan ƙwai kaɗan ba mugunya ba ne, alamar warkewa ce. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa, in ba wankewa za ki yi ba ma kar ki taɓa

Auta: To alwala fa Anti? Da kwalliya, bikin ƙawata ya kusa

Anti Nas: Ki yi alwalarki da ruwa mai tsabta, kawai kar ki dirje wajen. Hoda da jagira da fandeshan kar su kusanci hudar har ta warke, ki gaya wa mai kwalliyar ta zagaye wajen, kar kuma ta ce za ta gyara miki girar da reza. Soson wankan nan mai raga shi ya fi komai kama kan ƙarfen, fizga ɗaya zai yage fatar, ki wanke fuska da hannu. Hijabi mai matse fuska ki sa a hankali, ki kwanta ta ɗaya gefen, ki riƙa canza rigar filo

Yaya Babba: Duk wannan wahalar saboda ƙarfe ɗaya. Ni ina ma aka yi miki, da me aka huda?

Auta: Wani shagon gyaran jiki ne Yaya, allura ce sabuwa a gabana mai hudar ta buɗe ledar, ta sa safar hannu

Anti Nas: Alhamdulillah da ba bindigar huda kunne ba ce, ita ba'a iya turara ta yadda ya kamata kuma ba don gira aka yi ta ba. Amma ɗan abin da ta mintsini fatar da shi fa, da shi kansa ƙarfen? A asibiti tukunyar tururi ake sa kayan aiki zafin ya kai digiri 121, goge su da sipirit baya wadatarwa, ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 a busasshen jini tana raye. Kin yi rigakafinsa? Kuma ƙarfen wane iri ne, titaniyom ko irin na kasuwa? Na kasuwa yawanci da wani ƙarfe wai shi nikel a ciki, mata da yawa shi ke sa musu ƙaiƙayi da ja

Auta: Ban tambaya ba wlh, rigakafin ma sai na tambayi Umma

Maman Biyu: To ta cire shi kawai mana a huta

Anti Nas: Kar ta cire da kanta yanzu, in akwai mugunya a ciki bakin zai rufe ya kulle ta. Auta in kin ga kumburi na sauka kan ido, ko wajen ya ɗau zafi yana zuga, ko mugunya kore mai wari, ko zazzaɓi, ranar za ki asibiti ba washegari ba. In kuma lafiya lau ne amma kin ga ƙarfen na ƙara fitowa har kina hango shi ta cikin fata to jiki ya ƙi shi, gara a cire da wuri tabon ya tsaya ƙarami da a bari ya tsaga girar gashi ya daina fita a wajen. Turo min hoto ta gefe a cikin haske in gani

Maman Biyu: Ni dai hancina da man kaɗanya ya warke

Auta: Na tura miki Anti, bari in aika a siyo ruwan kafin kemis ya rufe